Labarin Sa'idu Bafayyume Mai Fassara Zabura, da Abin Lura da Ke Cikinsa ga Muridi

Muna farawa da sunan Allah Sarki ɗaya, wanda ya halicci harsuna ya rarraba su tsakanin bayinsa, ya hore wa Annabi Dawuda murya da Zabura. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa, da sauran annabawa da manzanni baki ɗaya.

Amma bayan haka, ya ku 'yan'uwa masu riƙo da wuridi safe da maraice, wannan 'yar takarda ce a kan rayuwar wani malami na Yahudawa, sunansa Sa'idu ɗan Yusufu Bafayyume, mutanensa suna kiransa Sa'adiya Ga'on. Bayahude ne, a kan addininsa ya rayu, a kansa ya mutu. Malaman Musulmi na dā ba su ƙi ambatonsa ba: Mas'udi mai tarihi, wanda ya rasu a 956, ya kawo shi cikin littafinsa Attanbihi, Ibnu Nadim kuwa ya jera littattafansa cikin Fihirisa a 987. Dalilin kawo labarinsa guda ne. Ya tarar da jama'arsa suna rera yabon Ubangiji da harshen da suka daina ji, sai ya ƙarar da ransa wajen mayar musu da ma'ana, ya kafa wa fassara ƙa'ida, sa'an nan ranar da aka jarraba shi ya aikata abin da ya fassara. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Fasali na fari: asalinsa da halin mutanensa

Ka sani, ya kai muridi, an haife shi a shekara ta 882 ta Miladiyya, a ƙasar Fayyum ta Masar, zamanin mulkin Ahmadu ɗan Ɗulun. Ba ɗan gidan sarautar ilimi ba ne, har ma maƙiyansa daga baya suka riƙa yi masa gori da asalin ubansa.

A wannan zamani Yahudawan Masar da Sham da Iraƙi da Larabci suke magana, a gida da kasuwa. Ibraniyanci, harshen Attaura da Zabura, ya koma harshen ɗakin ibada kaɗai. Yaro ya kan haddace, ya rera da murya mai daɗi, in ka tsayar da shi ka tambaye shi ma'anar kalma sai ya sunkuyar da kai. Masu tsara waƙoƙin ibada ma sun fara karya lugga ba su sani ba. Wannan ciwo ba baƙo ba ne gare mu.

Sa'idu yana ɗan shekara ashirin ya haɗa littafin lugga mai suna Egiron, ma'anarsa mai tattarawa. Ya kasa shi biyu. Kashi na fari ya jera kalmomi bisa baƙin da suka fara da shi, na biyu bisa baƙin da suka ƙare da shi, domin mai waƙa ya sami ƙafiya ba tare da ya murɗe wuyan kalma ba. Da fari da Ibraniyanci zalla ya rubuta shi. Bayan 'yan shekaru ya ga waɗanda ya yi wa littafin ba su iya karanta shi, sai ya ƙara masa gabatarwa da fassara da Larabci, ya sa masa suna Kitabu Usulish Shi'iril Ibrani. A cikin gabatarwar ya ambaci cewa Larabawa ma sun yi malamin da ya ga harshensu yana lalacewa, abin ya dame shi, ya tsara musu littafin gyara. Ka lura, bai ji kunyar koyi da maƙwabci ba, kuma bai ji kunyar sauko da littafinsa inda almajiri zai kai hannu ba.

Fasali na biyu: fitarsa neman ilimi

Sa'an nan ya bar Masar, ya bar iyali da almajirai, ya nufi ƙasar Falasɗinu. Mas'udi ya faɗi cewa ya yi karatu a hannun Abu Kasir Yahaya Alkatibu, mutumin Ɗabariyya. Garin nan na Ɗabariyya, a bakin tafki, shi ne mazaunin malaman da ake kira Masorawa. Asalin rubutun Ibraniyanci babbaƙu ne zalla, baƙi ashirin da biyu, babu wasali. Masorawa su ne suka ɗora masa wasulla da alamomin tsayawa da na rerawa, suka ƙirga kalmomi da baƙaƙe domin kada wani abu ya salwanta, kamar yadda alarammomi suke kiyaye harji. A irin wannan wuri Sa'idu ya ƙara goge luggarsa.

Daga nan ya bi ta Halab ya isa Iraƙi. Bagadaza a lokacin cike take da malamai da jayayya. Shaihu Junaidu ya rasu a cikinta a 910, an kashe Hallaju a 922, Ɗabari mai tafsiri ya rasu a 923, Ash'ari yana raye yana gwabzawa da Mu'utazilawa. Sa'idu ya ji muhawarorin mutanen ilimin kalami, ya koyi yadda suke jera hujja.

A 921 saɓani ya tashi tsakanin shugaban malaman Yahudawan Falasɗinu, Ben Meyir, da malaman Iraƙi, a kan lissafin wata. Su suna kasa sa'a guda kashi 1,080, gardamar kuwa a kan kashi 642 ce, wato rabin sa'a da 'yan mintoci. Amma wannan ɗan abu ya sa idin Faska na 922 ya faɗo Lahadi a wurin waɗansu, Talata a wurin waɗansu, jama'a ta rabu biyu. Sa'idu ya tsaya tare da mutanen Iraƙi, ya rubuta wasiƙu zuwa ga almajiransa na Masar, sunansa ya fara fita.

Fasali na uku: siffar Zabura da ke hannun Yahudawa

Kafin mu faɗi aikinsa a kan Zabura, ya kamata ka san siffarta kamar yadda take a hannunsu. Waƙoƙi ne 150, an kasa su littafi biyar. A cikinsu akwai yabo da tasbihi, akwai kukan bawa cikin tsanani, akwai tuba, akwai godiya, akwai tuna ni'imomin da aka yi wa Banu Isra'ila. Mafi gajarta ita ce ta 117, aya biyu ce tak. Mafi tsawo ita ce ta 119, aya 176, an tsara ta bisa baƙaƙe ashirin da biyu, kowane baƙi ya buɗe aya takwas.

Waƙar Ibraniyanci ta dā ba ta tafiya bisa aruli da ƙafiya irin na ƙasida. Awonta a cikin ma'ana yake. Aya ta kan rabu gida biyu: rabin fari ya ajiye magana, rabi na biyu ya maimaita ta da wasu kalmomi, ko ya kawo kishiyarta, ko ya cika ta. Wanda ya san wannan, in kalma ta shige masa duhu a rabin fari, sai ya nemi 'yar'uwarta a rabi na biyu ta haska masa.

A kan waƙoƙi da yawa akwai 'yan kalmomin buɗewa. Guda 73 suna ɗauke da sunan Dawuda, 12 da sunan Asaf, waɗansu da sunan 'ya'yan Kora, ɗaya da sunan Musa. Waɗansu suna ambaton kayan kiɗa ko salon rerawa da aka manta da su tun da daɗewa. Kuma a ciki ana siffanta Ubangiji da dutse, da garkuwa, ana ambaton hannu da ido da fiffike. Almajiri mai hankali in ya iso nan dole ya tsaya ya yi tambaya. Ga waɗannan tambayoyi Sa'idu ya fuskanta.

Fasali na huɗu: matakai uku na karatunsa

Mataki na fari lugga. Ya rubuta littafin nahawun Ibraniyanci, shi ne farkon wanda ya tsara wannan fanni a littafi mai zaman kansa. Ya kuma tattara kalmomin da suka zo sau ɗaya ko kaɗan cikin littattafansu, ya sa wa risalar suna Tafsirus Saba'ina Lafzatan, ya fito da ma'anarsu daga maganar malamansu na dā da ke cikin Mishina. Da haka ya nuna cewa nassi ba ya wadatuwa daga abin da aka karɓo baki da baki, zama kalmar da ta zo sau ɗaya ba ta da abokiyar da za a gwada ta da ita, sai an tambayi waɗanda suka gaji harshen.

Mataki na biyu fassara. Ya juya Attaura zuwa Larabci, da littafin Ishaya, da na Ayuba, da Karin Maganar Sulaimanu, da Daniyel, da Zabura, wadda ya sa wa suna Kitabut Tasbihi. Yahudawa sun riƙa kwafar waɗannan da baƙaƙen Ibraniyanci, harshe Larabci, baƙi nasu, kamar yadda muke rubuta Hausa da baƙaƙen Larabci mu kira shi ajami. Bai bi kalma da kalma ba kamar makaho da sanda. In jimla tana bukatar ƙarin kalma domin Balarabe ya gane, sai ya ƙara. In sunan gari ya tsufa, sai ya sa sunan da aka san shi da shi a zamaninsa. Ya yi amfani da kalmomin da kunnen mutane ya saba, ya kira Ubangiji Allah, ya kira mai hidimar hadaya imamu. Inda nassi ya jingina wa Ubangiji gaɓa ko siffar halitta, sai ya juya zuwa ma'anar da ta dace da ɗaukakarsa, kamar iko, da kiyayewa, da zama abin dogaro.

Mataki na uku ƙa'idar tawili, kuma a nan ne amfanin muridi ya fi yawa. Ya tabbatar cewa asali shi ne a bar nassi a kan zahirinsa da ma'anar da masu harshen suka sani, ba a kauce sai da ɗayan dalili huɗu. Na fari, in zahirin ya saɓa wa abin da ido ya gani: Attaura ta kira Hauwa'u uwar masu rai duka, alhali zaki da sa ba 'ya'yanta ba ne, sai a san 'yan Adam ake nufi. Na biyu, in ya saɓa wa hankali: an siffanta Ubangiji da wuta, alhali wuta halitta ce mai kamawa da mutuwa, sai a san azabarsa ake misaltawa. Na uku, in wata aya bayyananniya ta yi karo da shi, sai a nemi fuskar da za ta haɗa su. Na huɗu, in ruwaya tabbatacciya daga magabata ta ƙayyade shi, kamar bulala arba'in da nassinsu ya ambata, malamansu suka karɓo cewa talatin da tara ake yi. In babu ɗayan huɗun nan, ƙofa a rufe take. Ya yi gargaɗi cewa in aka buɗe ta ga kowa, za a wayi gari an mayar da umarni da hani da labaran annabawa duk misalai, ba abin da zai saura a hannu.

Fasali na biyar: matsayin Zabura a wurinsa

A zamaninsa akwai ƙungiyar Yahudawa da ake kira Ƙara'iyawa, masu jingina kansu ga Anan ɗan Dawuda na ƙarni na takwas. Sun ƙi ruwayar malamai, sun tsaya a kan nassi kaɗai. Sun tafi a kan cewa Zabura ita ce addu'ar da aka wajabta, addu'o'in da malamai suka tsara kuwa ƙirƙira ce. Sa'idu tun yana ɗan shekara ashirin da uku ya rubuta raddi ga Anan, bai kuwa daina jayayya da su ba har mutuwarsa.

A gabatarwar tafsirinsa na Zabura ya tafi a kan cewa dukkanta wahayi ne ga Dawuda, littafin shiriya ne da tarbiyya. Ya bayyana cewa Mai hikima ya san zukatan bayi sun bambanta: wani umarni ke motsa shi, wani tsoratarwa, wani kwaɗaitarwa, wani labari, wani kuwa sai ya ji muryar mai kuka irin nasa. Saboda haka aka zuba shiriya guda cikin salo iri iri. Inda ka ji bawa yana roƙo ko yana kuka a cikinta, a wurin Sa'idu Ubangiji ne yake koya wa bawa yadda halinsa yake da yadda ya kamata ya koma gare shi.

Sunayen Asaf da 'ya'yan Kora kuwa, ya fassara su da cewa gidajen Lawiyawa ne da aka danƙa wa rera waɗannan waƙoƙi a ɗakin ibada na Baitil Muƙaddas. Ya fitar da sharaɗi biyar daga kalmomin buɗewa: wanda zai rera, da salon da zai rera, da abin kiɗan da zai raka, da lokacin, da wurin. Tun da Rumawa suka rushe ɗakin a shekara ta 70, sharuɗɗan rerawar sun faɗi, abin da ya saura shi ne karatu da tunani da aiki.

Malamansu na baya ba su bi shi duka a kan wannan ba. Ƙara'iyawa irin su Salmon ɗan Yeruhim da Yafet ɗan Ali sun mayar masa da raddi. Musa ɗan Jiƙatila na Andalus, a ƙarni na goma sha ɗaya, ya tafi a kan cewa addu'o'i ne da waƙoƙin bayi, har waɗansu an yi su ne zamanin zaman bauta a Babila. Ibrahimu ɗan Ezra a ƙarni na goma sha biyu ya ɗauki hanya tsakani. Masu bincike na wannan zamani suna ganin an tattara ta ne cikin ƙarnoni masu yawa. Amma dukkansu sun bi tsarin da ya shimfiɗa: a fara da lugga, a tambayi wa ke magana da wa, a kawo hujja kafin a kawo ra'ayi.

Kuma da ya ga mutane suna ƙari da ragi da taƙaitawa cikin addu'o'insu, sai ya haɗa musu littafi guda, Kitabu Jami'is Salawati wat Tasabihi, addu'a da Ibraniyanci, bayanin hukunci da Larabci. Ya sa waƙoƙinsa na ƙanƙan da kai a ciki, waɗanda na bayansa suka yaba.

Fasali na shida: shugabanci da jarrabawa

Yahudawan Iraƙi suna da manyan makarantu biyu, Sura da Fumbadita, sunayen garuruwa ne na yankin kogin Furatu. Shugaban kowace ana kiransa Ga'on, gare shi ake aiko da tambayoyin shari'a daga ƙasashe masu nisa. Suna kuma da shugaban jama'a mai gadon sarauta, wanda Larabawa ke kira Ra'asul Jalut, mai wakiltarsu a fadar Halifa. A lokacin Dawuda ɗan Zakkai ne ke kai.

Makarantar Sura, wadda aka kafa tun ƙarni na uku, ta yi rauni har ana shawarar rufe ta. Dawuda ya so ya naɗa Sa'idu. Natan Bababile, wanda ya rubuta labarin waɗannan al'amura, ya ruwaito cewa wani dattijo makaho, Nissi Naharwani, ya gargaɗi Dawuda cewa mutumin nan malami ne babba amma ba ya tsoron kowa, ba ya duban fuskar kowa. Dawuda bai ji ba, ya naɗa shi a 928, wato 316 ta Hijira, baƙo daga Masar a kan kujerar da 'yan gida suka saba gada. Makaranta ta farfaɗo, almajirai suka dawo.

Shekara biyu ba su wuce ba abin da dattijo ya hango ya auku. Aka kawo shari'ar wani gado mai yawa, wadda Dawuda yake da rabo a cikin yadda aka yanke ta. Al'ada ita ce shugabannin makarantu biyu su sa hannu a takardar hukunci. Sa'idu ya karanta, ya ga abin da bai yarda da shi ba. Da fari ya kauce da ladabi, ya tura a fara kai wa Ga'on na Fumbadita, wannan kuwa ya sa hannu. Aka dawo masa da ita, ya ƙi. Dawuda ya aiko ɗansa Yahuda sau da yawa, da lallashi, sa'an nan da barazana, har ya yi nufin ɗaga masa hannu, mutanen gidan suka fitar da shi. Hujjar Sa'idu ita ce hanin da ke cikin Attaura game da duban fuska wajen shari'a, littafin da shi da kansa ya fassara wa mutane.

Dawuda ya tsige shi ya naɗa wani. Shi ma Sa'idu ya shelanta tsige Dawuda, ya naɗa ɗan'uwansa Hasan. Jama'ar Bagadaza ta rabu, attajirai suka shiga, dukiya ta yi aiki a fada, aka rubuta takardun zagi daga ɓangare biyu, alƙalamin Sa'idu ma bai yi sanyi ba. A ƙarshe ɓangaren Dawuda ya rinjaya, aka kore Hasan zuwa Hurasan, Sa'idu ya sauka daga kujera ya shige gida.

Fasali na bakwai: abin da ya fito daga kaɗaici

Cikin wannan zaman, a 933, ya gama babban littafinsa, Kitabul Amanati wal I'itiƙadati, babi goma. Ya bayyana cewa abin da ya sa shi rubutawa shi ne ganin mutane suna nutsewa cikin shakka babu mai ciro su. Ya kafa cewa sani yana zuwa ta hanya huɗu: abin da gaɓɓai suka riska, da abin da hankali ya gane kai tsaye, da abin da aka fitar ta hanyar dalili, da labari na gaskiya da aka karɓo. Ya kawo hujjoji a kan cewa duniya fararriya ce, Mahaliccinta ɗaya ne, ba jiki ba ne. Ya ƙirga rukunan tuba huɗu: barin zunubi, da nadama, da neman gafara, da ƙudurin ƙin komawa.

Babi na goma shi ya fi kusa da sha'anin mai suluki. Ya jera abu goma sha uku da mutane kan ba ransu gaba ɗaya: zuhudu, da ci da sha, da saduwa, da bege, da tara dukiya, da 'ya'ya, da gine gine, da tsawon rai, da mulki, da ramuwa, da ilimi, da ibada, da hutu. Ya bi su ɗaya ɗaya, ya nuna amfanin kowane da ɓarnar da ke cikinsa in an ware shi shi kaɗai. Har ibada da zuhudu bai ƙyale su ba: wanda ya bar neman abinci da haƙƙin iyali da sunan ibada ya tozarta umarni da yawa da ba su cika sai cikin mutane. Ya misalta da magani da turare da launi da sautin kiɗa, waɗanda ba su yin daɗi sai an haɗa su bisa gwargwado. Mutumin da aka raba da kujera ne ya rubuta wannan, ya sa son mulki da son ramuwa cikin jerin cututtukan da ya auna.

Fasali na takwas: sulhu da cikawa

Bayan shekara bakwai ana wannan hali, mutane suka gaji. Wani babban mutum, Bishiru ɗan Haruna, ya tara ɓangarorin biyu a gidansa a 937, ranar wani azuminsu. Dawuda da Sa'idu suka rungumi juna, Sa'idu ya koma kan makarantarsa. Bayan kamar shekara uku Dawuda ya mutu. Ɗansa Yahuda, wanda ya taɓa nufin ɗaga hannu, ya gaje shi da goyon bayan Sa'idu, amma wata bakwai kaɗai ya yi shi ma ya bi ubansa, ya bar yaro ɗan shekara goma sha biyu. Sa'idu ya ɗauki marayan nan, jikan abokin gabarsa, ya kai shi gidansa, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu.

Ya mutu a 942, wato 330 ta Hijira, yana da shekara sittin ba kaɗan. Almajirinsa Dunash ɗan Labraɗ ya tafi Ƙurɗuba ya shigar da awon aruli cikin waƙar Ibraniyanci. Bahaya ɗan Faƙuda na Andalus, mai littafin Alhidaya ila Fara'idil Ƙulubi, wanda ya ɗebo da yawa daga maganar sufaye, ya amfana da littattafansa ya ambace shi. Yahuda ɗan Tibbon ya juya Amanati zuwa Ibraniyanci a 1186. An buga fassararsa ta Attaura a Istambul a 1546. Yahudawan Yaman sun riƙe ta ƙarni bayan ƙarni suna karanta ta tare da nassi. Da yawa daga rubuce rubucensa sun ɓace, sai da aka buɗe wani ɗakin ajiyar tsofaffin takardu a majami'ar Yahudawa ta Fusɗaɗ, aka kwashi mafi yawansu zuwa Kambirij ta Ingila a 1897, guntayensu suka fito. Daga nan ne ma aka gyara shekarar haihuwarsa, dā ana cewa 892.

Cikawa: fa'idodi huɗu

Ta fari, ya kai muridi, abin da kake maimaitawa kullum ka nemi ma'anarsa a wurin malami, kalma bayan kalma, ko da kalma guda ce a yini. Harshe yana tafiya, zuciya tana zaune a baya, wannan tafiya ba ta kai mutum gari.

Ta biyu, in Allah ya ba ka sani, ka sauko da shi cikin harshen da mutanenka suke ji. Sa'idu ya sake littafinsa na fari saboda almajiri, darajarsa ba ta ragu ba.

Ta uku, kada ka tsallake zahiri zuwa baɗini sai da dalili da izinin masana. Duk abin da ya faɗo maka a zuciya lokacin zikiri, ka auna shi da lugga da nassi da abin da shaihunai suka karɓo, in ya saɓa ka bar shi.

Ta huɗu, ka sani za a kawo maka takardarka wata rana, ko a kasuwa, ko wajen rabon gado, ko gaban mai iko, a ce ka sa hannu. A ranar ake gane wanda ya karanta da wanda ya rera kawai. In kuma rigima ta wuce, ka duba ko akwai marayan abokin gabarka da ke bukatar inuwa.

Allah ya sanar da mu abin da muke faɗa, ya ba mu ikon aiki da abin da muka sani, ya tsare mu daga duban fuska wajen gaskiya, ya cika mu da imani. Amin.